Harshen da Ya Rage wa Don Fulgencio

Duk wanda ya taɓa zuwa kwas ɗin sabunta katin tafinta a birnin Xela ya san kujerar Don Fulgencio Calmo. Ta gaba ce, ta jikin taga, inda yake jin malami da kyau don ya samu abin yin musu a kai. Shi ya sa da Herlinda Matías ta shigo ajin ran Litinin da safe, sanyin hanyar Huehuetenango, garin da take aiki, bai gama sakin ƙasusuwanta ba, ta ga kujerar ba kowa, sai ta ɗauka dattijon ya tsaya shan atol, kunun masara, a bakin titi kamar yadda ya saba. Ta ɗora jakarta a kai don kada wani ya zauna.

Nazario Tzoc, tafintan yaren K'iche' daga Totonicapán, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a coci, ya leƙo ta bayanta.

"Seño Herlinda, ashe har yanzu ba su kore ki ba? An ce alƙalinku ya fara jin yarenku na Mam saboda yawan gyara miki magana."

"Ji mai magana! Ba kai ne ka fassara akuya da suruka ba, har aka kusa ɗaure mutum?"

"Duk wanda ya san surukar mutumin nan ya san ban yi kuskure ba."

Aka kwashe da dariya. Malamin ya shigo, wani matashin lauya mai suna Wilfredo Barrios, ya ce a wannan zagayen za a duba yadda ake tafinta ga shaidar da ke magana daga nesa ta allo, da sababbin kalmomin damfarar waya, da gwajin jini na gano uba. Ran Juma'a kuma jarrabawa. Wanda bai ci ba, ba zai sake tsayawa gaban alƙali ba sai ya dawo ya ci. Herlinda tana rubutu, amma rabin hankalinta na bakin ƙofa.

Ita da Don Fulgencio 'yan gari ɗaya ne, Todos Santos, can saman duwatsu. Shi ya tsince ta tana budurwa a asibitin garin, tana yi wa kakarta fassara, tana daru da wani ma'aikaci da ya ce ta taƙaita. Ya tsaya ya gama sauraro, ya ce mata, "Yarinya, wannan bakin naki kotu yake nema." Ya koya mata tsayuwa, da inda za ta kai idonta, da yadda ake dakatar da lauya mai gudu da magana ba tare da ya ji haushi ba. Tun daga lokacin take kiransa Tat, kamar yadda ake kiran uba.

Da aka tashi cin abincin rana, sai ta hango matarsa, Doña Amparo, tsaye a bakin ƙofar makarantar, ta naɗe kafaɗunta da mayafi. Ta rame har sai da Herlinda ta sake dubawa.

"Na san za ki zo," in ji Doña Amparo. "Tun safe nake nan. Kunyar shiga nake ji."

"Lafiya, Doña Amparo? Ina Tat?"

"Yana gida. Ya faɗi a banɗaki bayan bikin Ista. Ɓarin jikinsa ya shanye." Ta gyara mayafinta. "Jikin da sauƙi, 'yata. Bakin ne. Sifaniyancin ya tafi. Kaf. Yarenku kawai yake yi, ni kuma kin san ko gaisuwa ban iya ba."

Doña Amparo 'yar Xela ce, haifaffiyar birni. Ta auri Fulgencio iyayenta ba sa so, suka yi zamansu cikin Sifaniyanci, suka haifi 'ya'ya biyu. Bai koya wa yaran Mam ba, don ya tuna dukan da ya sha a gonakin kofi kafin bakinsa ya faɗa da Sifaniyanci, bai kuma so kowa ya yi wa nasa dariya. Yanzu ɗaya yana Houston, ɗaya tana babban birni, kuma ko sun zo, sai dai su zauna su kalle shi.

"Me ya hana ki kira ni?"

"Da farko likita ya ce zai dawo. Muka yi ta jira. Daga baya kuma ya zama kamar in na kira wani, na yarda ke nan ba zai dawo ba."

Da yamma, bayan an tashi daga aji, Herlinda ta bi ta gida. Ta tarar da shi a tsakar gida cikin keken guragu, an rufa masa bargo a gwiwa, bakinsa ya karkace gefe ɗaya. Mutumin da muryarsa ke cika ɗakin shari'a ba tare da lasifika ba ya koma kamar an ninke shi biyu. Ta durƙusa a gabansa ta gaishe shi da Mam, gaisuwar gida, wadda ake tambayar yadda zuciya ta kwana.

Ya ɗago kai da sauri. Hannunsa mai lafiya ya cafke wuyan hannunta kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe. Sai magana ta ɓalle. Tana fita a karkace, wasu kalmomin a haɗiye, amma Herlinda tana ji.

"Me yake cewa? Don Allah me yake cewa?" Doña Amparo ta matso, hannayenta a ƙirji.

Herlinda ta gyara zama, ta faɗa da bakinsa, yadda aiki ya saba mata: "Miyar nan ba gishiri. Tun da na kwanta ba gishiri. Kuma tafin ƙafata na hagu yana ƙaiƙayi, in na nuna sai ki gyara mini safa. Rediyon nan ma a kashe shi, mutanen ciki haushi kawai suke yi."

Doña Amparo ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Ta zauna a ƙasa, ta cire masa safa, tana sosa tafin ƙafar tana cewa, "Tsohon banza. Ni ina nan ina tsammanin wasiyya kake bar mini. Gaya masa likita ne ya hana gishiri."

Herlinda ta gaya masa. Ya ce a gaya wa likitan ya zo ya ci da kansa.

Suka daɗe a haka, mata da miji suna hira ta bakin Herlinda. Ya tambayi jikokinsa. Ya tambayi ko an gyara rufin kicin. Ta tambaye shi ko yana jin zafi da dare, ya ce kaɗan, ya ce abin da ya fi damunsa shi ne yana ganin bakinta na motsi, yana jin muryar da ya sani, amma kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Nan Herlinda ta ɗan tsaya kafin ta faɗa, sannan ta faɗa.

Sai ya juyo gare ta. "Ke me ya kawo ki Xela?"

Ta yi nadamar amsar tun kafin ta gama fita daga bakinta. Yana jin kwas, sai idonsa ya yi haske.

"Nawa katin ma ya kusa mutuwa. A fito mini da kwat ɗina."

"Tat, ka bari sai ka ƙara samun ƙarfi."

"Ƙarfin me? Da ƙafa ake tafinta? Ina shiga ɗakin nan, in ji alƙali ya buɗe baki, zai dawo. A gida ne ya ƙi zuwa, don ba abin da ake faɗa sai sha magani, buɗe baki."

Doña Amparo ta ji fassarar, ta dubi Herlinda, Herlinda ta dubi ƙasa. Babu wadda ta iya ce masa a'a. Ƙila ma kowacce a ranta tana cewa, wa ya sani.

Washegari Herlinda ta samu malamin a gefe ta yi masa bayani. Wilfredo ya sosa kai. Ya ce ba zai iya sa shi a jarrabawa ba, amma ran Alhamis akwai shari'ar gwaji, kuma ajin da zai hana Don Fulgencio shiga bai cancanci a kira shi aji ba, don shi kansa da littafin kalmomin shari'a da dattijon ya taimaka aka haɗa ya koyi abin da yake koyarwa.

Ran Alhamis Nazario da wani tafinta suka ɗauko keken suka hau da shi matakala. Don Fulgencio ya sha kwat mai ruwan toka, wuyan rigar ya yi masa yawa, an taje masa gashi da mai. Ajin ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Nazario ya sunkuya kusa da kunnensa ya ce da Sifaniyanci, "Maigida, ka dawo ka hana mu sakat ke nan? Har mun fara jin daɗin malamai." Don Fulgencio ya dube shi, ya yi murmushin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo a mota. Nazario ya miƙe a hankali, bai ƙara cewa komai ba har aka tashi.

Aka jera tebura kamar kotu. Wilfredo ya zauna a matsayin alƙali. Herlinda ta zama shaida, wata mata da maƙwabci ya matsar da dutsen iyakar gonarta. Aka tura keken Don Fulgencio kusa da ita, wurin tafinta. Doña Amparo ta zauna can baya tana murza carbin rosariyo.

Herlinda ta fara da Mam, a hankali: sunanta kaza, gonar ta gada daga mahaifinta, da safe ta je ta tarar dutsen ya koma bayan itacen fiya.

Don Fulgencio ya saurara, kansa a karkace, kamar yadda ta san shi. Ya juya ga alƙali, ya gyara murya, ya ɗaga yatsa. Sannan ya maimaita maganar duka, tiryan-tiryan, ba abin da ya bari. Da Mam.

Ba wanda ya motsa. Ya ga fuskokinsu, ya gane. Ya sake buɗe baki. Leɓɓansa suka yi ta neman wani abu, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin sanyin nan na Xela. Abin da ya fito wani sauti ne kawai, ba na kowane yare ba.

Wilfredo, don ya taimaka, ya yi tambaya mafi sauƙi da ake yi a kotu, a hankali, yana raba kalmomin: "Tafinta, ka rantse za ka faɗi abin da ka ji, ba ragi ba ƙari?"

Tambayar da dattijon ya amsa sau ba adadi. Ya zuba wa bakin Wilfredo ido har ya gama. Sai ya juyo ga Herlinda, ya rage murya kamar yadda tsofaffin ƙauye ke yi mata a gaban alƙali, ya ce, "'Yata, me ya ce?"

Ta gaya masa.

Can ya ce ta tashi daga kujerar shaida ta tsaya a gefensa, ta hannun hagu, ɗan baya kaɗan, inda ya koya mata. Ta tashi ta tsaya. Ya fuskanci ajin ya yi magana, ita kuma tana juyawa.

"Na yi tsammanin yana nan yana jirana a wannan ɗakin. Ba ya nan. Shekara da shekaru ina tsayawa kusa da mutanen da ake yanke musu hukunci cikin yaren da ba sa ji, ina ce musu kada su ji tsoro. Ashe ban san abin da nake faɗa ba. Abin tsoro ne. In kun tsaya kusa da su, ku matsa kusa sosai." Ya numfasa. "Shi ke nan. A mayar da ni gida, kwat ɗin nan yana cizon wuyana."

Wata tafintar yaren Q'anjob'al ta kifa kai a tebur. Wilfredo ya cire tabarau yana ta gogewa da gefen riga. Nazario ne ya zo ya kama keken, idonsa jawur.

Ran Juma'a Herlinda ta zauna jarrabawa. Ba ta tuna abin da aka tambaye ta ba, amma ta ci. Aka ce katunan sai bayan wata biyu. Ta je ta yi wa Don Fulgencio sallama, ya riƙe hannunta ya ce ta gaida duwatsu.

Da ta koma Huehuetenango suka tsara ita da Doña Amparo: kullum in ta taso daga kotu za ta kira, a sa wayar a tsakanin mata da mijin. Makonnin farko abin ya yi kyau. Har faɗa suka yi ta bakinta a kan wata tsohuwar hula da Doña Amparo ta bayar. Daga nan ciwon shanyewar ya sake buge shi, kaɗan ne in ji likita. Bayan wannan in Herlinda ta yi magana ta waya ba ya amsawa, sai ya waiga yana neman mai maganar a bayan ƙofa, ya firgita. Doña Amparo ta ce a bari ya huta. Herlinda ta ce za ta zo ƙarshen mako, sai aka sa ta a wata shari'ar kisa da aka kwaso shaidu daga ƙauyuka uku, ba wani tafintan Mam a kusa. Ta ce mako mai zuwa. Tana tsaye kusa da wata tsohuwa mai ba da shaida wayarta ta yi ta rawa a jaka, ba ta duba ba sai da aka tashi, ta tarar da saƙon rasuwarsa. An binne shi a Xela, ba ta samu zuwa ba.

Ranar da ta je karɓar katinta, ta sayi burodi mai zaƙi ta wuce gidan. An jingine keken guragun a bango, an ɗora tukwanen fure a kai. Doña Amparo ta dafa kofi, suka zauna a kicin. Suka yi maganar jana'iza, da waɗanda suka zo, da yadda Nazario ya ɗauki akwatin gawa yana kuka kamar yaro. Sai Doña Amparo ta ajiye kofinta.

"Akwai abin da nake so ki faɗa mini. A kwanakin ƙarshe ya daina surutu. Magana ɗaya ta rage masa. Kullum in na gama ba shi abinci na goge masa baki, sai ya kama hannuna, ya dube ni, ya faɗe ta. Da taushi yake faɗa, kamar yadda yake mini magana muna saurayi da budurwa. Na haddace ta. Na so in kira ki, sai in ce gobe."

Ta rufe ido, ta faɗi maganar. Ta fito a gurguje, sautukan maƙogwaro duk sun zube, kamar yaro mai koyon waƙar coci.

"Sake faɗa," in ji Herlinda, ko da yake ta ji.

Ta sake.

Herlinda ta dubi kofin da ke hannunta. Ba alƙali a nan, ba lauya, ba wanda zai taɓa sani. Tana iya cewa na gode matata, ko ki yafe mini, ko ke ce hasken idona, matar nan ta riƙe wannan har ƙarshen ranta. Kalmomin ma har sun hau harshenta. Ta ɗago, ta ga Doña Amparo ta kafe ta da ido, idon wadda ta zauna da tafinta tsawon rayuwarta, ta san yadda fuskarsu ke yi in suna neman hanyar kaucewa.

"Kada ki gyara mini," in ji Doña Amparo. "Shi bai taɓa gyara wa kowa ba."

Herlinda ta ajiye kofin. "Cewa yake: Baiwar Allah, kina da kirki. Ke 'yar gidan wane ne?"

Agogon bango ya ci gaba da tafiyarsa. A waje mai sayar da gas yana ta buga ƙararrawa. Doña Amparo ta gyaɗa kai a hankali, ta sake gyaɗawa, ta sa hannu ta share ɓurɓushin burodi daga tebur zuwa tafinta, ta rasa inda za ta zuba, ta riƙe.

"Na yi zargin haka," ta ce. "Yadda yake jan bargo in zan canza masa riga." Hawaye suka gangaro, ba ta share ba. "Kuma kullum sai in amsa masa, ni ma haka, tsohona, ni ma haka."

Herlinda ta zagayo ta rungume ta. Suka yi kukan da ba su samu yi tare ba a maƙabarta, har kofin ya huce.

Can Doña Amparo ta janye jiki, ta fyace hanci da gefen mayafi.

"In mutum zai amsa, yaya zai ce? Yaya ake cewa, ni ce Amparo, matarka?"

"Doña Amparo..."

"Koya mini. Ran Lahadi zan kai masa fure."

Herlinda ta faɗa mata. Doña Amparo ta maimaita, ta karya ta a tsakiya.

"A'a, daga nan ƙasa, cikin maƙogwaro. Kamar za ki haɗiye ta sai ki sake ta."

Ta sake gwadawa, ta shaƙe, ta yi tari. "Kai, wannan yare naku sai mai wuyan ƙarfe."

"Kin kusa. Sake."

Motar ƙarshe ta Huehuetenango tana tashi da ƙarfe biyar. Herlinda ta ji cocin unguwa ya buga biyar ɗin, ba ta tashi ba. Ta jawo kujerarta kusa, ta kama hannun matar ta ɗora a kan nata maƙogwaron don ta ji inda sautin ke fitowa, ta sake faɗa a hankali.